Bututun waya a cikin bangon banɗaki: wa za a kama?

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, don in na bi zuciya yau sai an ji mu da wani bawan Allah.

Gidana yana Sabuwar Unguwa, damina biyu ke nan da tarewarmu. Tun cikin hunturu bangon da ya raba banɗaki da ɗakin yara ya fara danshi daga ƙasa, fenti ya kumbura yana zubowa, farin gishirin nan yana fitowa. Magini ya ce sanyin damina ne bai gama fita ba. To ga shi muna tsakiyar bazara, rabon Katsina da ruwan sama an daɗe, bango kau sai ƙara jiƙewa yake, har katifar yara ta fara wari. Jiya na kawo wani ya fasa tayil.

Bututun da aka binne ba na ruwa ba ne. Farin bututun nan ne marar kauri da masu wayarin ke zura waya ciki. Inda ya kamata a sa gwiwa, an gasa shi a wuta an lanƙwasa, ga baƙin hayaƙi nan a jikinshi. Inda biyu suka haɗu, an gasa bakin ɗaya an cusa ɗayan, aka naɗe da robar tub ɗin babur. Ta nan ruwan ke tsattsafowa dare da rana. Ni kau kuɗin koren bututun ruwan nan da ake kira PPR na biya, rasit na hannuna, da idona na ga an sauke shi ƙofar gida. Ko guntunshi babu cikin bangon.

Abin da ya ɗaure mani hannu, wanda ya yi aikin ɗan maƙwabcin mahaifina ne. Babanshi ya kawo mani shi da kanshi ya ce ga ɗanka nan a taimaka. Ya zan yi?

Ɗan Kofar Sauri: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri Alhaji. Turo mana hoton mutumin da sunanshi kawai, kowa ya san shi ya kiyaye.

Admin: A'a. Ba a sa suna ko hoton kowa a zauren nan, mun sha faɗa. A ba shi shawara dai.

Maman Sadik: Baban Ummi sannu da haƙuri. Kai naka ma a bango ya ɓuya, mu namu da hanci muke shan shi. Muna Dutsen Safe. Banɗakin ɗakina tun ranar da muka shiga yake wari, ba warin rashin wanki ba, warin shadda sak. Babu irin sabulu da turaren wutar da ban ƙarar ba, har maigidan ya fara yi mani wani kallo. Da daddare kuma kyankyasai ke fitowa ta magudanar ƙasa. Ashe magudanar an haɗa ta kai tsaye da bututun da ya tafi sokawe, babu komai tsakani.

Sai kuma ƙasan. Magudana tana kusurwar yamma, gangaren ya yi gabas, wajen ƙofa. Duk wanda ya yi wanka sai ya ɗauki tsintsiya ya koro ruwa ya hau tudu, in ba haka ba ya bi ƙarƙashin ƙofa ya shiga kafet. Ranar da ake sa tayil ɗin ina gida, na leƙa na ce Malam anya ruwan nan zai gangara? Ko ɗago kai bai yi ba ya ce “Hajiya sai maigida ya dawo.” Maigida ya dawo bayan isha'i, siminti ya kama.

Ummu Hafsa: Wallahi wannan “sai maigida ya dawo” ta kashe gidaje da yawa. Mu ke wuni cikin gida, mu ke wanke-wanke, mu ke wa yara wanka, amma ba a tambayarmu ko a ina za a sa famfo. Ni nawa na kicin an sa shi ƙasa-ƙasa, bokiti ba ya shiga ƙarƙashi sai an karkata shi.

Injiniya: Baban Ummi, sannu. Kafin a zo maganar wa za a kama, bari in faɗi abin da nake gani kullum a wuraren gini, don naka ba shi ne na farko ba.

Yadda muke gini a garin nan shi ke ba irin wannan aiki mafaka. Da ruwan 'yan garuwa ake gina gida tun daga tushe har rufi. Mai famfo ya zo ya sassaƙe bango ya jera bututu, washegari mai filasta ya rufe, mai tayil ya ɗora, mai fenti ya shafe. Tanki da bohol su ne na ƙarshe, wani sai ana saura kwana kaɗan a kawo amarya yake neman kuɗinsu. In kuma ruwan famfo na dam ɗin Ajiwa mutum yake jira, sai ranar da ya zo. Ke nan ranar da ruwa ya fara bi ta cikin bututun, an riga an binne shi ƙarƙashin siminti da tayil na dubban ɗaruruwa, mai aikin ya karɓi cikon kuɗinshi ya yi gaba. Wanda ya san ba za a gwada aikinshi ba, sai tsoron Allah kaɗai ke riƙe shi.

Ƙa'ida ita ce, ba a rufe bututu sai an gwada. A toshe duk bakunan, a cika da ruwa, a ɗaura ɗan famfon hannu mai agogo a matsa, a bar shi. In allurar agogon ta sauka, akwai inda ke yoyo, a nemo shi tun bango na buɗe. In ba a samu famfon gwaji ba, a ari tanki ko duro a ɗaga shi sama, a haɗa, a bar ruwa ya kwana ciki, da safe a bi kowace mahaɗa da hannu. Kuɗin kura ɗaya ta ruwa ne. Sannan a ɗauki hoton kowane bango da waya kafin filasta, don gobe in za a kafa ƙusa a san inda bututu ya bi.

Hajiya Maman Sadik, abin da ya ɓace a naki shi ne lanƙwasar nan da ke riƙe ɗan ruwa ƙarƙashin magudana. Ruwan da ke zaune ciki, kamar santimita 5, shi ke tare iskar shadda da ƙwari. Ana sayar da magudana mai ita a jiki, tayil ɗaya ko biyu za a cire. A duba kuma ko an fitar da bututun shan iska daga layin masai ya wuce saman rufi, yawanci ba su sa shi. Mai banɗakin baƙi da ba a cika shiga ba ya riƙa zuba kofin ruwa a magudana lokaci-lokaci, zafin bazara na busar da wannan ruwan, wari ya dawo ko da aikin lafiya lau yake.

Maman Sadik: Allah ya saka da alheri Injiniya. Gangaren fa?

Injiniya: Shi kam sai an ɗaga tayil ɗin ƙasa gaba ɗaya, ba wata dabara.

Mai Famfo: Salamu alaikum. Na ga ana ta yanka mu ba a jiran mu zo. Ni sana'ata ke nan, a Kofar Marusa na koya wurin maigidana Allah ya jiƙanshi, kuma ba zan kare wanda ya sa bututun waya a layin ruwa ba. Wannan ba kuskure ba ne, ya san abin da ya yi. Bututun waya ba a yi shi don ya ɗauki matsin ruwa ba, da yatsa biyu kana iya matse shi.

Amma iyayena masu gida, ku ma a faɗa maku taku. Za ka rubuta wa mutum kayan aiki, ya ɗauki takardar ya shiga kasuwa ya ce a ba shi mafi sauƙi. Ya dawo maka da kan famfon da in ka murɗa da ƙarfi zai karye a hannunka, da gam ɗin da ya daskare cikin gwangwani. Ka ce Alhaji wannan ba zai yi ba, ya ce kai dai sa, so kake ka ci riba. In ya fashe bayan wata shida sunanka za a kira, ba sunan mai shago ba. Wani kuma yana Abuja ko Kaduna, ya turo kuɗi hannun ƙane ko ɗan ɗaki ya tsaya kan aiki. Kuɗin bututu goma, shida za su iso. Kai kuma ba ka da lambar mai gidan, ko kana da ita ba ka iya haɗa mutum da ɗan'uwanshi.

Ga mai wayarin da zai zo bayanka ya sassaƙe bango ya huda maka bututu ya liƙe da siminti ya yi shiru. Ga mai tayil da zai toshe magudana da guntun siminti. Duk mu ake zagi.

Gwajin da Injiniya ya faɗa gaskiya ne. Amma sau nawa na ce a ba ni kwana ɗaya in gwada aka ce mai filasta ya riga ya kwaɓa siminti?

Baban Ummi: Malam Mai Famfo na ji, amma ni ban nemi araha ba. Abin da ya rubuta shi na saya, shagon da ya nuna na je, kuɗin aikin da ya yanka ko sisi ban rage ba.

Mai Famfo: Shi ya sa na ce naka daban ne Alhaji. Kai an zalunce ka.

Ɗan Kofar Sauri: Kullum haka kuke cewa, laifin mai gida ne, laifin mai shago ne. To wa ke yaye yaran nan? Yaro ya yi wata uku yana riƙe maka sifana, ya sayi zarto da jaka, gobe ka gan shi yana karɓar aikin gida sukutum.

Mai Famfo: Ba mu ke yaye su ba ɗan'uwa, su ke yaye kansu. Da sai ka shekara da shekaru hannun maigidanka, ya tara mutane ya sa maka albarka sannan ka tsaya da ƙafarka. Yanzu ranar da ka yi wa yaro faɗa ranar zai tafi. Kuma ku ke ba su aikin, don in na ce dubu ɗari shi zai ce arba'in.

Alhaji Na Goruba: Ni tsoho ne a zauren nan, ku bar ni in sa baki. Gidan da aka haife ni a cikin birni na ƙasa ne, soro da azara. Ruwanshi duk a fili yake tafiya: indararo a sama, kwata a tsakar gida, salga can ƙarshen gida. Kowace shekara kafin damina a kira magini ya yi yaɓe, ya duba bakin indararo. In wuri ya lalace ido na gani. Ban ce a koma can ba, ni ma yanzu gwiwa ba ta bari in tsuguna. Amma wannan binne komai cikin bango da aka koya, ban ga amfaninshi ba sai kyan gani. Da na gyara gidana na ce duk bututu a bi da shi ta bayan gini, ya huda bango daidai inda famfo yake kawai. 'Ya'yana suka ce ya yi muni. Bayan gida ne, wa ke zuwa kallo?

Sai dai wani abu da yaron ya yi mani, ya kafa masai yana fuskantar gabas. Sai da na sa ya tumɓuke ya juya shi.

Mai Famfo: Baba Allah ya ƙara girma, shawararka ita nake ba kowa. Sharaɗi ɗaya ne, ranar Katsina ba ta barin roba. Bututun da ke waje in ba a shafa mashi fenti ko an rufe shi ba, yana bushewa ya yi gautsi, akuya ta goga ya tsage. A kama shi da maƙalai a jikin bango kuma, kar a bar shi yana lilo.

Malam Na Rafin Dadi: Alhaji, game da alƙibla, a mazhabarmu ta Malikiyya hanin ya shafi wanda ke fili ne babu shamaki. Makewayin da aka gina cikin gida babu laifi. Amma wanda ya juya don girmamawa ya kyauta, kuma ya fita daga saɓanin malamai.

Baban Ummi, maganarka ba ta da duhu. Hadisi ya tabbata cikin Muslim, Annabi (SAW) ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya sa hannu ciki ya ji danshi. Mai abincin ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Annabi (SAW) ya ce don me ba ka sa shi a sama ba mutane su gani? Wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Kayan da ka danƙa mashi amana ne, ba kyauta ba. Ko ya dawo da su ko ya biya ƙimarsu, ɓarnar da aikinshi ya jawo kuma tana wuyanshi tunda ganganci ne. Yafewa hakkinka ne in ka so, amma kar kunya ta sa ka yi shiru ka zo kana ƙullace da mutane, shi kuma ya tafi gidan wani ya maimaita. Ka sami mahaifinka ya kira mahaifinshi, a zauna a zaure. In ta ƙi, ga mai unguwa. Kotu ita ce ƙarshe.

Ɗan Haya: Ku masu gida ma kun ji daɗi, kuna da wanda za ku kama. Mu 'yan haya fa? Gidan da nake a Kwado an sa hita a banɗaki. Ranar farko da na kunna, ina taɓa kan famfo wuta ta ja ni har gwiwar hannu. Na gaya wa mai gidan ya ce in riƙa sa silifas. Silifas!

Injiniya: Ɗan Haya wannan ba abin dariya ba ne, kashe ta daga makunni, kar kowa ya sake kunnawa. Ko dai ƙarfen da ke dafa ruwan ya huje, ko ba a haɗa mata wayar da ke sauke wuta ƙasa ba, galibi duka biyun. Jiƙaƙƙen mutum tsaye kan jiƙaƙƙen tayil, ƙaramar wuta ta ishe shi. A duba kuma da wane bututu aka ja ruwan zafin. Farin bututun roba na PVC iyakarshi wajen digiri 60, in ya wuce yana laushi mahaɗa ta saki. Ruwan zafi sai PPR ko makamancinshi. Akwai kuma ɗan bawul da ke zuwa da hita mai fitar da ruwa in matsi ya yi yawa. Wasu in sun ga yana ɗiga sai su toshe shi, wai sun gyara yoyo. Tukunya ce a kan wuta aka liƙe mata murfi.

Ɗan Kofar Sauri: A unguwarmu tanki ne ya faɗo. Lita 2,000 aka ɗora kan ƙarfe siriri, ƙafafun ko siminti ba a zuba masu sosai ba. Ana cika shi da sumo, injin jan ruwan bohol, ya rusa katangar maƙwabci. Allah ya kiyaye yara na makaranta.

Injiniya: Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Lita 2,000 tan biyu ke nan, nauyin buhun siminti 40. Mai walda yana gwada ƙarfen da tanki babu ruwa ya ce ya zauna daram.

Baban Walid Daura: Assalamu alaikum, daga Daura nake bin ku. Tawa ta ɗan bambanta amma ta fi hana ni barci. Muna da rijiya a tsakar gida tun zamanin mahaifinmu, ruwanta garau, har maƙwabta na ɗiba in ruwan famfo na dam ɗin Sabke ya yi jinkiri. Bara aka sayi filin bayanmu aka yi gini, mai aikin ya haƙa sokawe jikin katangarmu. Daga bakin ramin zuwa rijiyar bai fi taku bakwai ba. Tun ƙarshen damina ruwan ya canza, in ya kwana a randa sai ka ji wani ɗan wari, yara kuma yau wannan ciki gobe wancan. Na yi wa maƙwabcin magana ya ce cikin filinshi ya haƙa. Gaskiyarshi ne kuma, cikin filinshi ne.

Injiniya: Baban Walid ku daina shan ruwan nan daga yau, ko ku tafasa shi sosai. Wanki da ban ruwa kawai. Abin da ake koyarwa shi ne kar tazarar sokawe da rijiya ta gaza mita 15, an fi son 30, kuma rijiya ta kasance ta sama, ramin ta gangare. Ƙasar Daura da Katsina rairayi ce, ruwa na ratsa ta da sauri. Taku bakwai bai fi mita biyar zuwa shida ba.

Ga inda gizo ke saƙa: filin ƙafa 50 sau 50 da ake yankawa yanzu, mita 15 ne kowane gefe. Ke nan ko mutum ya so, da ƙyar ya cika tazarar cikin gidanshi, balle ya lissafa da rijiyar maƙwabci. Kowa na tura sokawe can bayan gida jikin katanga, ba ya tambayar me ke bayan katangar. Mafita ita ce a yi magana tun kafin a haƙa, layi guda su yarda ramuka su bi ta gefen titi, rijiyoyi su bi ɗaya gefen. Kuma yawancin abin da muke kira sokawe rami ɗaya ne kawai da aka jera bulo aka bar ƙasa buɗe, komai ya faɗa ciki ya tsotse. Yadda ya kamata, a fara yin ɗaki mai filasta ciki da ƙasa wanda ba ya yoyo, ƙazanta ta kwanta a nan, ruwan sama-sama kaɗai ya wuce rami na biyu. Masu bohol ma kar su saki jiki, in ba a zuba siminti an liƙe kewayen bututun daga sama ba, ruwan ƙazanta na bin jikinshi ya sauka. Ba mu manta 2021 ba, jihar nan na cikin waɗanda amai da gudawa ya yi wa ɓarna.

Baban Walid Daura: To yanzu in ya yarda ya matsar da ramin, rijiyar za ta dawo?

Injiniya: Sai an kwashe ramin an cike shi, a yashe rijiyar, a zuba mata sinadarin kulorin, a ba ta lokaci, sannan a kai ruwan a auna kafin a koma sha. Kar a dogara da hanci. Ka je wurin duba-gari na ƙaramar hukuma, aikinsu ne, kuma maganarsu ta fi taka nauyi wurin maƙwabcin.

Malam Na Rafin Dadi: Kasancewar cikin filinshi ne ba ta ba shi damar cutar da maƙwabci. Ba cuta ba cutarwa, ƙa'ida ce sananniya. A je mashi da dattawa ta lalama tukuna.

Baban Ummi: Jama'a na gode, ga yadda aka yi. Bayan la'asar mahaifina ya kira mai aikin da babanshi, muka zauna, na ajiye guntun bututun a gaban kowa. Babanshi ya juya shi ya juya, bai ce komai ba sai salati. Shi kuma mai aikin da farko ya ce yaranshi ne suka yi ba ya nan. Da aka matsa sai ya ce ranar babu wuta, injin haɗa PPR ɗin kuma sai da wuta, mai filasta na jira, shi ne ya yi amfani da abin da masu wayarin suka bari. Aka ce to ina koren bututun? Ya ce ya kai wani aiki da niyyar zai mayar. An tsaya kan zai kawo bututun da kayan haɗinsu, babanshi ya ɗauki kuɗin tayil duk da na ce ya bari. Mai aikin ya ce shi zai sake aikin kyauta, na ce a'a na gode.

Ɗan Kofar Sauri: Shi ke nan? Sauran banɗakunan fa? Wanda ya yi a ɗaya ya yi a duka.

Mai Famfo: Nan kam gaskiyar Ɗan Kofar Sauri ce. Alhaji kar ka fasa ko'ina tukuna. Kwance kan famfo ɗaya a kowane banɗaki da kicin, ka haska da fitilar waya, za ka ga kalar bututun da ke ciki. In duk fari ne marar kauri, kar ka wahalar da kanka da fasa tayil, a yanke layin daga tanki a bar shi ya mutu cikin bango, a ja sabo ta baya yadda Baba Na Goruba ya yi.

Maganar babu wuta kuma ba hujja ba ce, ƙaramin janareta na ɗaukar injin, haya ake bayarwa. Amma wanda zai yi maka sabon ka tsaya kanshi, PPR ma ana ɓata shi. Injin na kai digiri 260, ƙaramin bututu daƙiƙa biyar zuwa bakwai ya ishe shi. In aka bar shi ya daɗe, ko aka danna da ƙarfi, robar na narkewa ta toshe ramin daga ciki. Waje lafiya lau, ba ya yoyo, amma ruwa sai ya riƙa zuwa siriri. Ka ce ya haɗa guda ɗaya a gabanka, ka ɗaga ka leƙa, in kana hango haske zagaye sosai to ya iya. Daga tanki kuma a sauko da inci ɗaya, sai an zo rassa a rage. Masu jan gida duka da rabin inci su ke sa in an buɗe famfon kicin shawa ta ɗauke.

Ummu Hafsa: Malam Mai Famfo, mu tankinmu ne ba ya kwana. A cika shi da magariba, da asuba ya yi ƙasa, kuma ba mu ga danshi ko'ina ba. Maigidan ya ce yara ne ke ɓarna.

Mai Famfo: Hajiya a gwada a gani kafin a ɗora wa yara. In an gama amfani da ruwa da dare, a sa alama a jikin tanki daidai inda ruwa ya tsaya, kar kowa ya taɓa famfo. Da safe a duba. In ya sauka, daren gaba a sake, amma a rufe makullin da ke ƙarƙashin tanki. In ya sauka duk da haka, tankin ne ko mahaɗarshi, ko ruwan na komawa bohol don ba a sa bawul mai hana shi komawa ba. In bai sauka ba, yoyon na cikin gida. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya duk daƙiƙa yana zubar da wajen lita 20 a wuni da kwana, jarka guda ke nan.

Ummu Hafsa: Mun gwada dare biyu. Makulli a buɗe ya sauka kusan tafin hannu, da aka rufe bai motsa ba.

Mai Famfo: To cikin gida ne. Kafin a taɓa bango a fara da masai na zama, su ne ɓarayin da ba a ji. A buɗe murfin tankin bayan, a ɗiga shuɗin bula na wanki a ciki, kar a ja ruwa, a dawo bayan rabin awa. In kalar ta sauko cikin kwanon, robar ƙasa ce ta mutu, canza ta ba tsada. Masai nawa ne a gidan?

Ummu Hafsa: Uku, amma ɗaya na ɗakin baƙi ne, a kulle yake.

Mai Famfo: Da shi za a fara.